Daɓen Baraka

A Sheme, in mace ta tafi gidansu haihuwar fari, kafin ta dawo sai an gyara mata ɗaki. A yi yaɓe, a sake jinka in ta tsufa, sannan mata su taru su yi daɓe. Haka aka yi wa Suwaibatu matar Mamuda, da ta tafi Ƙanƙara wurin iyayenta ta haifi ɗanta Hadi.

Wadda ta ja gaban aikin ƙawarta ce, Baraka. Tun ranar da aka kawo Suwaibatu garin, baƙuwa, ba ta san kowa ba, Baraka ta aiko mata da goro ta ce tana son ta da ƙawance. Mutane sun yi mamaki, don Baraka in tana dariya a bakin rijiya ana jin ta a kasuwa, ita kuwa Suwaibatu sai ta yini ba ta yi magana goma ba. Amma abin ya ɗore. Duk wanda Suwaibatu ta sani a Sheme, ta hannun Baraka ta san shi.

Ba wadda ta kai Baraka iya daɓe a unguwar. Ita ta zaɓo tsakuwa, ita ta jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, ita ta tara mata da madaɓansu suka yini suna bugu suna waƙa. Da la'asar, aiki ya zo ƙarshe, ta ce kowa ta fita ta sha fura. Ta zauna ita kaɗai a gindin gado, daidai inda ƙafar mai ɗaki za ta riƙa sauka. Ta yi ta bugu, tana yayyafa ruwan makuba, tana gogewa da dutse, har wurin ya yi sheƙi.

Da Suwaibatu ta dawo da goyonta ta ga ɗakin, sai ta yi murmushi.

Baraka ta ce, "To ƙawa, in kin zame kin faɗi ba ruwana. Ni dai na yi nawa."

Ciwon ya fara ne da kaka. Lokacin aiki ya yi yawa: ga sussuka, ga daka, ga kai abinci gona, ga ɗebo ruwa, duk da yaro a baya, shi kuwa Hadi ya yi ƙiba. Wata safiya Suwaibatu ta sauko da ƙafar dama daga gado, sai ta ji kamar ta taka ƙayar aduwa a diddige. Ta duba ƙasa, ba komai. Ta duba ƙafar, ba jini ba kumburi. Ta ɗingisa ta fita. Kafin ta gama shara abin ya lafa, har ta manta. Washegari ya dawo, a wuri guda, a taku na farko.

Ta ɓoye kusan wata biyu, don ba ta saba faɗin ciwo ba. Uwar mijinta, Iya Adama, ita ta gane.

Iya Adama ba ta haifi mace ba, saboda haka ta ɗauki Suwaibatu kamar ita ta haife ta. Ta sa ta a gaba da allura tana neman ƙaya, ba ta samu ba. Ta kira wanzami ya kafa ƙaho. Ta dafa ganye iri-iri aka yi ta gashi. Ciwo dai yana nan, har aka gama kai auduga sikeli, rani ya shigo.

Daga nan Iya ta fara lura. Ta ga ciwon ya fi tsanani da asuba, a gindin gado. In yarinyar ta fita ta yi nisa da gida, sai tafiyarta ta miƙe. In ta dawo ta shiga ɗaki ta shayar da yaro, da ta tashi sai ɗingishi ya dawo sabo. Iya ta faɗa wa wata maƙwabciya, ita kuwa ta riƙe baki ta ce, "Iya, kin tuna ranar daɓe? Wa ta kore mu waje ta zauna ita kaɗai a gindin gadon nan?"

Kafin kwana uku maganar ta zaga unguwa: an binne wa Suwaibatu abu a ƙarƙashin daɓe.

Ran nan da hantsi Baraka ta shigo da akushin ɗanwake, ba ta ji komai ba tukuna. Iya ta tare ta a tsakar gida.

"Sannu Iya. Ina gurguwar tawa?"

"Tana barci."

"Barci da hantsi? Halan wani cikin ne kuma?"

Iya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Koma da akushinki, mun ƙoshi."

Baraka ta tsaya kamar an zuba mata ruwa. A garinmu ba a mai da wa mutum abinci sai magana ta ɓaci ƙwarai. Ta juya ta fita. Suwaibatu tana ɗaki, idonta biyu, ta ji komai. Ta tashi za ta fito, kunyar Iya ta mai da ita zaune. Ta rungume Hadi ta yi ta hawaye.

Iya ta aika garin Damari a kira Barau, wani mutum da ake ɗaukowa ya tone irin waɗannan abubuwa. Ya aiko cewa zai zo nan da kwana goma. Kowa ya san Barau bai taɓa tona wuri ya tashi hannu wofi ba. Ko laya ce, ko ƙahon tunkiya, ko ƙullin gashi, sai ya ɗago wani abu ya nuna wa jama'a. In ya tona ɗakin nan, sunan Baraka ya mutu a Sheme. Ba mai sake kiran ta daɓe, ba mai cin abincin hannunta, ƙawance kuwa ya ƙare har abada.

Suwaibatu ta gwada yi wa mijinta magana. Mamuda ya sosa ƙeya ya ce, "Ni ma raina bai kwanta ba. Amma Iya don ke take yi. Ya zan ce mata?"

Ana cikin haka aka aiko daga Ƙanƙara, matar wan Suwaibatu ta haihu. Mamuda ya ɗora ta a jaki ya raka ta suna. Ta kwana a ɗakin mahaifiyarta, ɗakin da ba daɓe, rairayi ne aka zuba. Da asuba ta sauko da ƙafa, ƙayar nan ta soke ta kamar kullum, ba ragi. Ta dafe bango tana cije leɓe, amma wani sanyi ya ratsa zuciyarta. Ga ta nesa da Sheme tafiyar yini guda, ciwo kuwa ya zo tare da ita.

Kakanta na wajen uba, Malam Gide, baduku ne. Da ƙuruciya ya yi fatauci da ƙafa har Gwanja, tun kafin motoci su san hanyar nan. Yanzu ya tsufa, yana zaune a zaure da fatu da basilla. Shi kaɗai ne mutumin da Suwaibatu take sakin baki da shi. Da ta zo gaishe shi ya bi tafiyarta da kallo.

"Assha! Matar tawa ta riga ni tsufa. Wa ya kai ki auren Sheme? Ga shi sun mai da mini ke agwagwa."

"Kai dai tsoho, ka bari ka fara tsayawa ba sanda tukuna."

"Zauna nan, mara kunya. Miƙo ƙafar."

Ya kama ƙafar, ya danna babban yatsansa a ƙasan diddige, ɗan gaba kaɗan ta wajen ciki. Suwaibatu ta zabura.

"Nan ne?"

"Nan ne, Kaka!"

"Da safe ya fi, in kin sauko daga gado. In kin yi 'yar tafiya ya lafa. In kin zauna kin tashi ya dawo."

Ta zaro ido. "Wa ya faɗa maka?"

"Diddigena ya faɗa mini, tun ubanki bai san hanyar duniya ba. A ayari ba wanda bai san shi ba. Masu ɗaukar kaya a ka sun fi shan wuyarsa."

Ya jawo wani siririn yanki na fata busasshe, ya fizge shi da ƙarfi, fatar ta tsattsage. Ya ɗauki wani, ya murza shi a hannu, ya ja a hankali, ya saki, ya sake ja, har ya yi laushi ya miƙe ba tsaga.

"Akwai jijiya a tafin ƙafarki, daga diddige zuwa yatsu, kamar tsirkiyar baka. Kin ɗora mata nauyi ya fi ƙarfinta, ke ga tulu, ga wannan ƙaton ɗan naki. In kin kwanta sai ta ƙanƙance ta bushe kamar fatar nan. Ke kuwa da asuba sai ki dira a kanta gaba ɗaya. Ba dole ta yi ƙara ba?"

Ya koya mata abin da za ta yi. Kafin ƙafarta ta taɓa ƙasa, ta zauna a gado ta miƙe ƙafar, ta rataya majanyi a ƙasan yatsu, ta ja su wajen jikinta a hankali har ta ji sharaɓa ta ɗaure. Ta riƙe gwargwadon ƙulhuwallahu uku, ta saki, ta sake, sau biyar ko shida. Sannan ta sa totuwar masara a ƙasa ta mirgina tafin ƙafar a kai. In ta yi dogon zama, kafin ta tashi ta sake yin haka. Tulu babba ta bar shi tukuna, ta riƙa zuwa da ƙarami. Daka kuma ta shimfiɗa tsohon buhu a inda take tsayawa.

Ranar bai yi aikin kowa ba. Ya auna ƙafarta da kara, ya yanka fata ninki uku, ya cusa audugar rimi a wajen diddige ya ɗinke mata takalmi.

"Kullum a ƙafarki. Salla kaɗai za ta raba ku."

"Har cikin ɗaki?"

"Musamman cikin ɗaki."

"A gaban Iya fa? Ya zan wuce uwar mijina da takalmi?"

"Wannan kuma tsakaninki da Iyarki."

Sai ta ba shi labarin daɓe da Baraka da Barau. Tsoho ya saurara har ta gama, ya ce, "Daɓen yana da tauri?"

"Kamar dutse."

"To yana da nasa laifin, irin laifin da dutse ke da shi ga mai tafiya ba takalmi. Mai bugun ba ta da ko ɗaya."

"Kaka, ka zo ka faɗa wa Iya."

"Ni? In hau jaki da tsufana in je gidan surukai in yi musu da tsohuwa a kan ɗakinta? Ke ina bakinki? Da ni kaɗai kika iya tsiwa?"

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Yaushe zai warke?"

"Ba gobe ba, ba jibi ba. Nawa ya ci rani ya ci damina. Amma in kin riƙe abin da na faɗa, kullum zai riƙa ja da baya."

Kwana biyar ta yi a Ƙanƙara tana yin yadda ya ce. Ciwon bai tafi ba, amma takun farko ya daina sa ta dafe bango. Ta dawo Sheme saura kwana biyu Barau ya zo. Tun daga bakin zaure ta cire takalmin ta ƙulle a cikin kayanta.

Iya ta tarbe ta da murna, ta karɓi Hadi, sannan ta ce, "Ɗiyata, ba za ki sake kwana a ɗakin can ba sai an fid da abin da ke ciki. Kawo tabarmarki ɗakina."

Kunya ta hana Suwaibatu faɗa mata abin da Kaka ya ce. Ta kai kayanta ɗakin Iya. Iya ta ce ba tabarma ba, ta hau gado, ita za ta kwanta ƙasa kusa da jikanta.

Da aka kira asuba Suwaibatu ta farka. Iya ta riga ta tashi, ta kunna fitila tana ɗaura ɗankwali. Suwaibatu ta laluba ta ɗauko majanyi kamar yadda ta saba a kwanakin nan. Sai ta tsaya. Ta dubi daɓen ɗakin, tsohon daɓe ne da ya sha shara har ya yi baƙi. Ta ajiye majanyin. Ta sauko da ƙafar dama ta taka da dukkan nauyinta.

Ko ranar haihuwar Hadi ba wanda ya ji muryarta, don dauriya aka koya mata. Yau kuwa ba ta danne ba. Ta ce, "Wayyo Allah!" da ƙarfi, ta durƙushe, har yaron ya farka da kuka.

Iya ta riƙo ta. "Subhanallahi! A nan ma?"

"A nan ma, Iya. A Ƙanƙara ma haka, a kan rairayi."

Iya ta dubi ƙasa. "Daɓen nan da hannuna na yi shi, tun Mamuda yana rarrafe." Sannan ta girgiza kai. "To ai abin ya riga ya shiga jiki ke nan. Shi ya sa yake bin ki."

Suwaibatu tana durƙushe, idonta a kan yatsunta. Ta ce, "Iya, ina roƙon alfarma. Ki bar ni in kwana ɗakina yau. Gobe da asuba ki zo ki tsaya ki gani. In na kasa takawa, a tona. In na taka, don Allah a bar wa Baraka sunanta."

Tunda aka kawo ta gidan, Iya ba ta taɓa jin ta jera magana mai tsawon haka ba. Ta ce, "Allah ya kai mu."

Washegari Iya ta shigo da fitila ta tsaya a bakin ƙofa. Suwaibatu ta zauna a gado. Miƙe ƙafa a gaban uwar miji ba ƙaramin abu ba ne, sai da ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta rufe ido ta miƙe ƙafar. Ta rataya majanyi ta ja, leɓenta yana motsi da ƙulhuwallahu, ta saki, ta sake. Ta jawo totuwa daga ƙarƙashin gado ta mirgina. Sannan ta kwance ƙullin kayanta ta fito da takalmin, ta ajiye shi daidai wurin nan mai sheƙi. Ta zura ƙafa ta miƙe tsaye.

Ta taka ɗaya, ta taka biyu. Ta je bakin ƙofa, ta juyo, ta koma ta ɗauki Hadi ta goya shi.

Iya ta ce, "Ya tafi?"

"Bai tafi ba, Iya. Yana nan kamar tsakuwa ƙarama. Amma ba ƙaya ba ce irin ta jiya. Kaka ya ce jijiya ce ta gaji, sai a hankali." Ta faɗa mata sauran abin da tsohon ya ce, har da fatar da ya tsaga.

Da ta gama sai ta tuna a gaban wa take. Ta yi sauri za ta zare takalmin.

Iya ta ce, "Mai da ƙafarki. Ladabinki ba a tafin ƙafa yake ba." Ta zauna a bakin gado, ta sa hannu ta shafa daɓen. Ta ce a hankali, "Wurin nan ta fi gogewa. Don ki ji daɗin sauka ta yi."

Da hantsi Barau ya iso da 'yar fartanyarsa a kafaɗa, mata har sun fara leƙowa ta kan danga. Iya ta sa aka ba shi fura da goro, ta ce ya yi haƙuri da wahalar hanya, an fasa.

Barau ya matsa bakin ɗakin ya shaƙi iska. "Iya, akwai abu a ɗakin nan. Tun daga nan nake jin warinsa."

"Fitsarin jikana ne, Malam. Allah ya kiyaye hanya."

Matan bayan danga suka fashe da dariya. Barau ya shanye furarsa ya kama hanya.

Da azahar Iya ta yi ɗanwake da kanta, ta zuba man gyaɗa da yaji, ta rufe akushi. Ta ce wa Suwaibatu, "Tashi mu je." Suka bi ta tsakiyar unguwa, tsohuwa a gaba da akushi a hannu, matar ɗanta a baya da takalmi, kowa yana gani.

Suka tarar da Baraka tana daka. Ta rame. Ta amsa sallama ba ta ɗago ba.

Iya ta ajiye akushin kusa da turmi ta ce, "Baraka, na mai da miki abinci, na bar bakin mutane ya hau kanki. Ban kyauta ba. Tsoro ne ya rufe mini ido a kan yarinyar nan. Ki yafe mini."

Baraka ta jingine taɓarya. Ta goge ido da bakin zane, ta ce, "Iya, ke uwa ce, ya wuce. Amma ita wannan," ta nuna Suwaibatu da haɓa, "tana ɗaki ranar, na ga inuwarta."

Suwaibatu ta ce, "Ina ciki. Na ji, na kasa fitowa. Shi ya fi diddigen yi mini ciwo."

Iya ta ce, "Jiya ta fito. Da kin ji ihun da ta yi mini a ɗaki, da kin ce ba ita ba ce."

"Wannan? Ihu?" Baraka ta dube ta daga sama har ƙasa, idonta ya sauka a kan takalmin. "A'a! Wannan fa? Yaushe aka naɗa Mamuda hakimi ba mu ji tambari ba?"

"Kaka ya ce daɓenki ya cika tauri."

"Tauri! Ku ji mini, jama'a. Ashe laifina iya aiki!" Dariyar nan tata da aka kwana biyu ba a ji ba ta tashi har maƙwabta. Ta jawo tabarma, ta buɗe akushi. "Zauna, gurguwa, ki nuna mini yadda ake ja da majanyin. Innata ma tana kukan diddige."

Ciwon bai bar Suwaibatu nan da nan ba. Wata safiya ta tashi lafiya, wata safiyar, in ta yi ganganci da babban tulu, ya tuna mata yana nan. Ta riƙe majanyinta da totuwarta. Takalmin ya cinye, Malam Gide ya aiko da wani, da saƙon cewa agwagwa ta riƙa zuwa gaishe da mijinta na fari.

Da ɗorawa ta nuna aka sami sabuwar makuba, Iya Adama ta ce ɗakinta yana son daɓe, kuma ba mai taɓa shi sai Baraka. Mata suka taru da madaɓai, Suwaibatu a cikinsu, a durƙushe kusa da ƙawarta. Da la'asar aiki ya zo gindin gado, Baraka ta ɗaga madaɓi ta ce, "To, yau ba mai fita shan fura. Kowa ta buɗe ido ta ga abin da zan binne."

Iya ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Ku fito ku sha, 'yan nema. Ku bar ta ta yi aikinta."

Suka fita suna dariya. Suwaibatu ce ta ƙarshe. Ta miƙe daga dogon durƙuso, ta zura takalminta a bakin ƙofa, sai da ta kai inda ƙwaryar fura take sannan ta tuna ba ta ja ƙafar ba kafin ta tashi.